Hular Yaya Habu a Cikin Gilashi

Bana shekara bakwai ke nan da aka fita da Yaya Habu daga gidansa na unguwar Tandabawi a Makka, aka kai shi Harami aka sallace shi bayan La'asar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan watan ya kama, nakan yi masa sadakar waina in ja bakina in yi shiru. Bana kam shirun ya gagara, don na je na gano abin da ya tsaya min a maƙogwaro, ni kuma ban iya haɗiye magana ba.

Mu biyu iyayenmu suka bari, shi ne babba. A nan Makka aka haife mu. Aikinsa a ofishin wani muɗawwafi yake, wato masu kula da masaukin alhazai, kuma shi ke raba wa alhazanmu na gida ɗakuna. Wanda bai sani ba zai ce ƙaramin aiki ne. To a wancan zamani lif ɗin benayen yau lafiya gobe babu, tsohuwa mai ciwon gwiwa idan aka jefa ta can sama, ta yi sallama da jam'i a Harami. Shi ya sa kowa ke saukowa daga mota da ƙullin tsarabarsa a hammata: kilishi, zuma, yajin daddawa, wani har da turmin atamfa na uwargida.

Yaya Habu kuwa yana da ƙa'ida. Daga saukar jirgin farko har tashin na ƙarshe, ko ƙwayar goro ba ya karɓa a hannun kowa. Tsofaffi da marasa lafiya ƙasa, masu jini a jika sama, shi ke nan. Wanda ya ajiye masa kyauta ya sulale, sai ya saka ta a wani akwatin ƙarfe, ranar tafiya ya bi mutum har bakin mota ya danƙa masa abinsa. Kun san a wurinmu mayar wa mutum kyautarsa cin fuska ne. An zage shi, an kira shi mai girman kai, daga baya waɗanda suka zage shin su ne masu aiko iyayensu da cewa a nemi Habu.

Ni dai kishin alhazan nan nake yi, kuma ba yau na fara ba. Mutanen da bai taɓa gani ba su za su cinye min ɗan'uwa wata da watanni. Yana goya tsohon wani ya hau da shi bene, ni kuwa haihuwata ta fari da ta faɗo cikin aikin Hajji sai bayan suna ya leƙo, da sauri-sauri, takalmi a hannu. Kowa na cewa na yi sa'ar yaya, amma ragowar da baƙi suka rage ita nake samu.

Wata shekara na zauna na ɗinka masa hula. Tun watan Rajab nake kanta, zare shuɗi da ruwan toka, har idona ya fara ganin allura bibbiyu. Tsautsayi ya sa ban gama ba sai da alhazai suka fara sauka, kuma a shekarar akwai dangin mijina cikin waɗanda zai raba wa ɗaki. Wallahi tallahi ban haɗa wannan da wancan a raina ba. Na gangaro daga unguwarmu ta Nakkasa cikin rana, ina ɗoki, na miƙa masa. Ya juya ta, ya ƙara juyawa, ya ce, "Kai, Ladi, hannunki ya faɗa." Sai ya miƙo min. "Riƙe min sai alhazai sun tafi. Dangin mijinki suna hannuna."

Ranar na ga duhu. Na wurga masa ita a cinya na ce, "Ni za ka yi wa haka, Yaya? Jefa ta a akwatin naka, kuma kada in ƙara ganinta da idona!" Mun shirya bayan Salla, kamar yadda 'yan'uwa kan shirya, amma daga ni har shi babu wanda ya sake ambaton hular har ya koma ga Allah.

Kwanan baya babban ɗansa Faisal ya zo da mota ya ce in shirya zai kai ni in ga abin alfahari. Yaran yanzu Hausarsu ta gudu, gwaggo ma ba ya iya ce min, sai "ammati". Ya kai ni wani gidan tarihi da aka buɗe don yaƙi da cin hanci da koya wa jama'a riƙon amana. Wuri ne mai sanyi, ko'ina ƙal. An zagaya da mu, ga hotunan gadoji da suka rushe saboda ha'incin masu gini, ga ma'aunan ƙarya da aka kama a kasuwa, ga 'yan makaranta mata cikin layi malamarsu tana yi musu bayani. A can ƙarshe akwai ɗakin ƙananan ma'aikata da suka riƙe amana. Ina shiga na ga akwatin ƙarfen nan, na gane shi tun daga lotsewar murfinsa. A gefensa, cikin gilashi, fitila na haska ta, ga hulata.

Na matsa na karanta rubutun da ke ƙasanta. Wai hula ce da ƙanwarsa ta kawo masa lokacin rabon ɗakuna, ya ƙi karɓa. Ƙanwarsa! Ai ƙanwa ɗaya gare shi a duniya, ga ta tsaye da jakarta. Malamar nan ta iso da ɗalibanta tana nuna musu, tana cewa ku duba, ko 'yar'uwarsa ta jini bai ɗaga wa ƙafa ba. Wata yarinya ta taɓe baki. Wato shi ya zama abin koyi, ni na zama misalin mai ba da toshiya, a garin da aka binne uwata da ubana.

Na buɗe baki zan sauke wa Faisal kwandon masifa, sai idona ya sauka a bakin hular ta ciki. Mai ɗinki ta san abinta. Fari tas na bar wurin, yanzu ya yi baƙi ya zagaye, irin dattin gumi da man gashi, zaren goshin ma ya fara tsinkewa. Hular da ta kwana a akwati ba ta yin haka.

Na ce, "Faisal, wa ya saka hular nan?"

Ya sosa ƙeya. "Baba mana, ya ammati. Tunda ya ajiye aiki ba shi da hular Juma'a sai ita. Har kasuwar Mansur da ita yake zuwa. Amma da ya ji sallamarki a ƙofa sai ya cire ya mayar akwati. Ya ce kin ce kada ki ƙara ganinta, ya kuma hana mu faɗa miki."

Kun ji fa. Mutumin da ya mayar da maganar da na faɗa cikin fushi ita ma amana, ya riƙe ta har kabari. Na samu bencin wurin na zauna.

Na nemi shugabar sashen, wata mai fara'a, na ce ko su ba ni hulata ko su gyara rubutun. Ta ba ni ruwa, ta ce iyali sun riga sun mallaka wa gidan kayan, batun rubutu kuma za a duba. Har yau ana dubawa. Faisal ya ce shi rabin farko na labarin ya ba su, don shi ne mai darasi. To sauran rabin fa, na kare ne?

Nakan tambayi kaina me Yaya Habu zai ce da zai leƙo yau. Na'ura ce ke raba ɗakuna, otal-otal sun tokare sama, kowanne da lif ɗinsa, rabin Nakkasa an baje, tudun da na gangaro da hular ma ban tabbata zai kai baɗi ba. Ina jin waɗannan ba za su dame shi ba. Hotonsa da suka liƙa a bangon gidan tarihin zai ba shi kunya, ya ce aikinsa kawai ya yi. Amma rubutun nan na san ba zai bari ya kwana ba. Mutumin da ke bin alhaji har mota da ƙullin kilishinsa ba zai yarda a ba jama'a rabin gaskiya da sunansa ba, balle a gidan da aka gina don gaskiya.

Abin da ya bari yana nan, ban musa ba. Har yanzu idan tsofaffin alhazai suka ji ni ƙanwar Habu ce, sai su kama yi masa addu'a, wasu da hawaye. Ina amsawa da amin, ina kuma jin haushinsu a lokaci guda, Allah ya sani. Sun ci moriyarsa yana raye, ya mutu sun gaje sunansa, yanzu har hular sun haɗa. Masu shayin Mansur sun gan shi da ita, maƙwabtansa na Tandabawi sun gan shi da ita, baƙo ma da ke sahu ɗaya da shi ranar Juma'a ya gani. Ni da na tsiyaye idona a kanta, ni kaɗai ce a Makka ban taɓa ganinta a kansa ba.