Farar Rigar Sufeto

Har yau ina tuna ranar da sufeton makarantu ya iske ni a aji a Tambuwal. Lokacin ba a daɗe da ba mu Jihar Sakkwato ba, kuɗin mai sun shigo, ana ta buɗe firamare ko'ina. Ni ƙaramin malamin zane ne, an haɗa ni da malaman ƙauye in yi musu kwas na hutu. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, sai abin da sufeto ya rubuta a kaina.

An aiko mana da fenti kala shida, amma na kulle su a kabad. Na ɗora buta da ƙwarya a tebur kusa da taga, na ce a zana da baƙi da fari kawai. Wanda bai iya raba haske da inuwa ba, ko ka ba shi ja da kore, ƙwaryarsa kamar faifai za ta fito.

Sufeton, Alhaji Sani, ya sauka daga babur, ya zagaya ajin fuska a ɗaure.

"Malam Bello, gwamnati ta ba ka kala shida, ka maishe mu zamanin gawayi? Fari ai fari ne, mi za a koya ciki?"

Na daure na ce, "Ranka shi daɗe, a ara muna farar rigarka minti ashirin."

Ya tuɓe ta. Muka rataya ta a kujera, ya zauna gefe da 'yar ciki. Malamai suka shiga haɗa toka-toka, daga mai haske zuwa mai duhu, suna bin ninkin rigar. Malama Hauwa'u, wata dattijuwa daga Kebbe, ta fitar da iri fuɗu, sai ta tsaya ta ƙura wa wuyan rigar ido.

Na ce, "Lafiya, Malama?"

"Wanga duhu na wuya ya ruɗe ni. Na duba, ba inuwa ba ne, gumi ne da jar ƙasar hanya. In sa shi?"

A raina na ce aiki ya tafi. Sai Alhaji ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Sa shi, Malama, amma kada Hajiya ta gani."

Da zai tafi ya roƙi zanen, ya naɗe shi a jaka. Ba a daɗe ba takardar tabbatar da ni ta iso.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kada ku tsaya musu da babba, ku bari idonsa ya gani. Amma in kun koya wa mutum kallo da kyau, ku shirya, ba inuwa kaɗai zai gano ba.