Ranar da Baba Dauda Ya Amsa da Bakinsa

Har gobe wata ranar Talata ba ta fita raina ba. Lokacin ina nas a sashen wankin ƙoda na wani asibiti a garin Germantown, nan ƙasar waje. Ku sababbin zuwa ku sani, idan jikin majinyaci ya gaji da inji, likita kan tara shi da iyalinsa a tambaye shi: a ci gaba ko a daina? Dainawa kuwa mutuwa ce ba da jimawa ba. Muddin yana cikin hankalinsa, shi ke da ta cewa.

Majinyacin ranar Baba Dauda ne, fasto kuma tsohon malamin makarantar tauhidi daga kudancin Kaduna, 'yarsa Rahila ce ta kawo shi ƙasar nan. Likita na yin tambayar, Rahila ta yi caraf ta ce sun bar wa Allah. Ni ma na gyaɗa kai, ai haka muke cewa a gida.

Baba ya dube mu ya ce, "Ba Allah likita ta tambaya ba. Ni ta tambaya."

Fasto guda! Kun san bakina ba ya shiru. Da muka rage mu biyu ina auna jininsa, na ce, "Baba, wannan ba raunin bangaskiya ba ne?"

Ya yi dariya. Ya ce ya daɗe yana koyar da ra'ayin wasu masu falsafa na Turai, waɗanda suka ce an jefo mutum duniya ba da shawararsa ba, amma zaɓi ya zame masa dole, ko ƙin zaɓa ma zaɓi ne. Wasunsu daga nan suka rabu da Allah. Wasu kuma suka ce a nan bangaskiya ke farawa: mutum ya tsaya shi kaɗai a gaban Mahaliccinsa, ba tabbas a hannu, ya ɗaga ƙafa ya taka gaba. Ya ce ko Almasihu sai da ya yi gumin tsoro a lambu kafin ya miƙa kansa.

Na tambaye shi ko yana jin tsoro.

"Ƙwarai, 'yata. A aji abin ya fi sauƙi. Amma in na fake da nufin Allah, gobe in hankalina ya gushe Rahila za a tambaya, ita za ta ɗauki wannan kaya har ta tsufa."

Ranar Alhamis ya ce a daina. Ya riƙe hannun Rahila ya ce, "Ni na zaɓa, ba ke ba." Na fita waje na sha kukana.

Tun daga ranar, duk sanda dangi suka yi saurin amsawa a madadin majinyaci, sai in juya kujerata wajensa, in yi shiru, in jira.