Malam Njidda da Garin da ke Bangon Aji Biyar

Duk mai bin hanyar Nukkai da sassafe ya san dogon dattijon nan da ke tura keke, ba ya hawa. Keken ya tsufa, shi kuma ya ce ba a wulaƙanta abokin tafiya don ya gaji. A bayansa akwai gwangwanin madara ɗaure da roba, cike da gawayi da guntayen alli. Malam Njidda ke nan, malamin aji biyar a firamaren unguwa, wanda ya ajiye aiki Juma'ar da ta wuce, ƙarshen zangon 1997, bayan shekara talatin da biyar. Tun yanzu hanyar ta fara yi mana faɗi.

Kafin yara su iso yakan share aji da kansa, sannan ya tsaya gaban bangon baya, ya goya hannu kamar mai unguwa yana zagaye. Ai kuwa zagayen yake, don a bangon nan akwai gari guda, sunansa Wuro Alƙalami.

Shekara goma sha biyu ke nan da kafa shi. Malam ya gaji da yaran da in an ce su rubuta shafi ɗaya sai su cinye rabin fensir da haƙori. Ba daƙiƙai ba ne, a gida wani Mumuyanci yake ji, wani Jukunanci, wani Fulatanci, ga takarda fara fat tana hararar su. Ran nan sai ya zana kogi da duwatsu biyu da gawayi, ya juyo.

"Ga gari, babu kowa a ciki," ya ce. "Doka ɗaya ce: abin da ba a rubuta ba, babu shi. Mai son gida ya rubuto mini ina ƙofarsa ke kallo, wa ke ciki, me ake dafawa. Ranar Juma'a in zana masa."

Kai, jama'a! Yaran da ake bi da bulala su yi layi uku, su ne suka koma roƙon ƙarin takarda. Aka rubuto kasuwar doya, aka rubuto gada. Wata yarinya, Abigail, ta kai ƙara a rubuce cewa a garin bangon awakin Ukasha sun cinye mata gyaɗa, Ukasha ya mayar da martani shafi huɗu. Maganar ta kai gida, sai ga baban Ukasha a makaranta, hula a karkace, yana cewa, "Malam, don Allah a bincika, wallahi mu ko akuya ɗaya ba mu da ita!" Har yau in aka tuna sai an riƙe ciki.

Amma Zulfa ba ta yi dariya ba. An kawo ta daga garin Mutum Biyu wurin goggonta bayan rasuwar mahaifiyarta, ta yi wata biyu a ajin ko harafi ba ta rubuta ba. Malam bai matsa mata ba, ya dai bar wani fili a bakin kogin, duk wanda ya nema sai ya ce da mai shi. Wata rana da aka fita tara ta tsaya a bakin teburinsa.

"Malam, wanda ya rasu yana iya zama a garin?"

Malam ya dube ta. Mutum ne mai tsoron Allah, ba zai yi wa marainiya ƙarya don ya faranta mata ba.

"'Yata, Dadarki tana wurin Ubangijinta, addu'a ce kawai ke isa can. Amma abin da kika sani nata, muryarta, tafiyarta, wannan yana hannunki. Rubuto shi, zan ba shi gida."

Ta rubuto rabin shafi, Hausa da Fulatanci a cakuɗe: yadda Dada ke kaɗa nono, da baƙin zanenta, da yadda take jan sunan Zulfa in ta yi nisa da wasa. Malam ya karanta ya mayar da jan bironsa aljihu. Ranar Juma'a ya zana bukka ƙarƙashin tsamiya, da ƙwarya a bakin ƙofa. Daga ranar Zulfa ba ta fasa rubutu ba ko mako ɗaya.

Kai ne, Malam, ka gane cewa yaro ba ya rubutu sai yana da abin da yake jin tsoron ya ɓace masa. Kai ne ka tsaya gaban bangon nan sau uku, tun da Jalingo ta zama babban birnin jiha aka shiga fente-fente, ka ce wa masu buroshi su fara da rigarka. Uban gari mara rawani, mun gani da idonmu.

Sai dai hedimasta ya faɗa masa gaskiya tun farkon zango: bango ya tsage, ya yi baƙi, a wannan hutun za a yi masa siminti da fenti. Ba mugunta ba ce, Malam ma ya sani. Abin da ya hana shi sakat shi ne bukkar nan, da wane baki zai gaya wa Zulfa.

Ranar ban kwana tsofaffin ɗalibai suka cika ajin har taga. Ga Zulfa, yanzu tana kwalejin horon malamai. Malam ya sunkuyar da kai.

"Zulfa, ki yafe mini. Wannan karon na kasa tare su."

Ta kwance ɗankwalin da ta ƙunso, littattafan rubutunta goma sha ɗaya, wasu bangonsu ya fita.

"Malam, ai kai ka kafa doka. Dada tana nan ciki, fenti ba ya shiga littafi. Amma mun duba bangon kaf, ba mu ga gidanka ba."

Ya yi 'yar dariya. "Ban taɓa rubutowa ba. Doka kuwa ba ta san malami ba."

"To, mun rubuto."

Ta karanta: ɗaki biyu, rumfar ajiye keke, ƙofa tana kallon makaranta, a bakin hanyar da duk mai zuwa kogi sai ya tsaya ya gaishe shi. Ta miƙa masa gawayi. Ya ɗaga hannu, ido ya cika, ya kasa jan layi ɗaya. Sai ya mayar mata da gawayin, ya haɗa mata da gwangwanin gaba ɗaya.

"Zana, Malama," ya ce.

Mun gode, Malam Njidda. Useko, in ji Fulani. Allah Ya saka maka da gidan da ya fi wannan, Ya ƙara maka lafiya. Ku kuma malamai, bango dai kowane aji yana da shi, gawayi kuwa ko a murhun maƙwabta a samu. Me kuke jira?

Jibi masu fenti za su zo. Jiya da safe mai gadi ya ga keken a jingine bakin aji biyar. Ya leƙa ta taga, sai ga Malam tsaye gaban bango, ya goya hannu, yana kallon gidansa.