Mashigin da Aka Nuna Mana a Bayan Kucheri

Jama'a, wannan ba ji na yi a bakin wani ba, da ni aka yi, kuma Allah ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin ina kabu-kabu a Gusau, ina zaune Damba, amma yawancin aikina na ƙauye ne, yau in kai kaya Nahuce wajen Bungudu, gobe in yanki daji ta Tsafe, har ta kai in za a shiga inda kwalta ta ƙare ni ake nema in ja gaba.

Da damina ne, ruwa ya yi kwanaki yana zuba, aka yi mana rasuwa a wani ƙauye can bayan Kucheri, mu huɗu muka shirya zuwa gaisuwa, kowa da mashin ɗinsa. Akwai Bala abokin sana'ata, gwani ne ba ƙarya, sai dai gaggawa kamar ana bin sa. Akwai Isiya mai shago, ya iya tuƙi amma ɗan kwalta ne. Sai Malam Umaru, yayan matata, dattijo malamin firamare, wanda bai daɗe da koyo ba, in zai sa giya sai ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Na ce in goya shi, ya ƙi, wai ba don ado ya sayi mashin ba. Da za mu fita matata ta biyo ni har zaure ta ce in kula mata da Yaya, shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu.

To mu masu shiga daji muna da ƙa'ida: ba da hannun gwani ake zaɓen hanya ba, da hannun wanda ya fi kowa rauni ake zaɓe, sannan gwani gaba, gwani baya, sababbin hannu a tsakiya. Daga Kucheri hanya biyu ce, ta tudu mai zagaye da duwatsu amma babu ruwa, da ta rafi, gajera amma sai an tsallaka. Ni na ce tudu. Bala ya dinga mita wai sai an watse za mu isa, shi kuma Malam don kada a ce saboda shi ne, ya goyi bayansa. Raina bai so ba, amma na ce mu je mu ga ruwan, in bai kai gwiwa ba mu haye, in ya wuce gwiwa zai shiga salansa ya kashe mashin, mu juyo.

Muka isa wajen hantsi, rana tar. Ruwan ja wur yana gudu, tsohon mashigin da na sani duk ya cinye. Mun sauka muna dubawa ke nan sai ga wani mutum tsaye a gefenmu, ban ga ta inda ya fito ba, 'yar taguwa fara a jikinsa, ba fartanya, ba sanda, ba dabba, ba takalmi. Na yi masa sallama, bai amsa ba, sai cewa ya yi sannunku. Da yake lokacin an fara tsoron daji, na ce a raina wannan ko dai mai kai wa ɓarayi rahoto ne, so yake ya kai mu inda za a tare mu. Na dinga leƙen bayan itatuwa.

Ya ce akwai mashigi ƙasa kaɗan. Muka bi shi muna tura mashina, ya shiga ruwan yana tafe a natse, ruwa iya ƙwaurinsa, har ya kai tsakiya ya juyo. Bala ya dube ni yana dariya, wai ka gani, sarkin tsoro. Sai mutumin ya miƙo hannu ya nuna Malam.

“Ku fara turo wanga da bai iya ba. In ya haye, ku sai ku biyo.”

Duk a ƙasa ya same mu, wa ya gaya masa wanda bai iya ba? Kuma ko yaro a tasha ya san ba a fara tura sabon hannu cikin ruwa. Sai na ƙura wa ƙafafunsa ido. Duk wanda ya saba da rafi ya san ruwa mai gudu in ya daki ƙafar mutum yana darewa biyu ya yi 'yar kumfa. Shi wannan ruwan wucewa yake sumul, kamar babu kowa a wurin.

Na sari dogon reshe a bakin gaɓa, ya fi ni tsawo, na zura daidai inda ya fara sa ƙafa. Reshen ya shige duka, hannuna ya bi har kafaɗa, ban taɓa ƙasa ba. Innalillahi. Ina ɗagowa na ji ƙarar mashin, ashe Malam ya hau ya tayar, idonsa ƙyam a kan mutumin, tayar gaba ta kusa taɓa ruwa. Na yi tsalle na zare makulli, na cakumi wuyan rigarsa. Na ce, “Malam, ina za ka?” Sai ya turje, kuma dattijon da iska ke iya kayarwa sai da Isiya ya kama mini muka janye shi. Da muka juya na waiwaya, mutumin yana nan tsaye tsakiyar rafi yana kallon mu, ruwa iya ƙwauri.

Muka bi ta tudu, ni gaba, Malam a bayana ina ganin sa ta madubi, Bala a ƙarshe, ko ɗigon ruwa bai taɓa mu ba. Muna isa gidan rasuwa Malam ya sauka, sai na ga rigarsa sharkaf tun daga wuya har ƙasa, ruwa na tsiyaya, aljihunsa cike da yashi, ya durƙusa yana tari yana amayar da jan ruwa. Mutane suka taru suna tambaya ko ta rafi muka biyo. Muka ce a'a, shi Malam ya ce e. Da muka kwatanta wurin suka ce can ai ramin da tifofi suka haƙe yashi ne, ko shanu ba a kaiwa, shi kuma mutumin da muka gani ba su san mai wannan kama ba.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya riƙe hannuna ya ce, “Ai na shiga. Yana riƙe da hannuna can ƙasa, kai kana ja na ta wuya. Sai da munka iso nan ya saki.”

Malam yana nan da ransa, har yau kuma a kan maganarsa yake, mu uku kuma a kan tamu. Ban san mene ne ba, ban kuma koma in bincika ba. Abin da zan ce kawai, duk wanda aka sa ya ja gaba, ya auna ruwa da sandarsa ko da ya ga wani tsaye a ciki. In kuwa baƙo ya zaɓi mutum ɗaya a cikinku ya ce shi za a fara turawa, to ku riƙe wanda ya zaɓa ɗin da hannu biyu, kada ku sake shi ko da kun bar bakin ruwan.