Ƙawata da Kwalekwalen Dodanni

Ƙawata 'yar unguwar Kabong ce a Jos, ni kuwa a Dilimi aka haife ni, a nan na yi aure. Koyon ɗinki ne ya haɗa mu tun muna 'yan mata. Ita coci take zuwa, ni masallaci, kuma duk fitinar da garin Jos ya gani ba ta raba mu ba.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, sai ta daina fita. Ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta, magana ma ta rage. 'Yarta da ke aikin jinya a ƙasar waje ta matsa a kai ta likitocin can su duba ta, ita kuma ta kafe ba za ta hau jirgi ba sai da ni. Haka na rufe shago na bi ta.

Wata Asabar 'yar da mijinta suka kai mu wani makeken wurin wasa da aka gina bisa labaran finafinai. Akwai titi guda na gidajen katako masu kyan fuska, bayansu babu komai sai tokare. Mutane cikin shigar dodanni suna ta ɗaukar hoto da yara. Ina tura ƙawata a keken guragu har muka iso wani kogi da aka haƙa, inda kwalekwale ke shiga kogo da mutane, ya fito ta sama ya gangaro cikin ruwa.

'Yar ta samo mana inuwa, ta ɗora jakunkuna a cinyar uwar, ta ce mu jira su shiga su fito. Ƙawata ta ture jakunkunan, ta ce ba ta tsallako teku don gadin jaka ba. 'Yar ta kawo maganar hawan jini, uwar ta tuna mata a gabanta ta sha magani da safe. Ma'aikaciyar wurin ta ce za ta iya shiga, amma su ba sa ɗaukar mutum. Sai dai ta tashi daga keken da kanta, 'yan uwanta su taimaka.

Surukin ya miƙo hannu, ta girgiza kai. Ta dube ni, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji ta ce, “Hajiya, zo ka riƙe ni.”

Ni ko kwalekwalen gaske ban taɓa shiga ba. Na ɗaure hijabina a ƙugu, na ba ta kafaɗa. Ta yunƙura, ƙafar ta lanƙwashe, ta koma zaune da ƙarfi. 'Yar ta durƙusa tana cewa, “Mama, don Allah ki bari.” Uwar ba ta ko kalle ta ba. Ta huta, ta sake kama wuyana har na ji farcenta, ta miƙe. Da hannunta mai lafiya ta kamo zaninta, ta ja ƙafar ta tsallaka da ita cikin kwalekwalen. Ni ma na shiga na zauna kusa da ita.

Abin da ke cikin kogon ban ga rabinsa ba. Wani dodo ya wangame baki ya fesa mana ruwa, na rufe ido ina salati. Da muka gangaro, ruwa ya rufe mu sharkaf, sai na ji dariya a kunnena, irin wadda rabona da ita tun kafin ciwon.

Da muka dawo Jos, ita da ta daɗe tana ƙin zuwa gashin ƙashi ta fara zuwa ba fashi, wani lokaci ni ke ɗauko ta a keke napep. Ƙafar ba ta koma daidai ba, likita ma ya faɗa mata ba za ta koma ba. Amma ta ajiye keken guragu, ta koma sanda. Kasuwa take so ta fara zuwa ita kaɗai, yaranta na hanawa, kuma har yanzu ana kan wannan rigimar.