Matar da ke bayan koren ƙyalle

Shekara uku ina yi wa likitocin mafitsara tafinta a Bagudo. Fatauci ya koya min Dandanci da ɗan Faransanci, don haka duk sadda suka zo daga birni yin tiyata kyauta, ni ake kira. Tsofaffi ne ke cika wurin, daga Kende, Kurgu, Bahindi, har da na ƙetaren Binin, kowa da robar fitsari ɓoye cikin riga.

Manyan likitocin biyu ne, mace da namiji, kuma ajinsu ɗaya tun makaranta. Shi dai Allah ya ba shi tumbi da murya. Ita aka ba hannu.

Tsofaffin nan kuwa, wai su maza, suka ce mace ba ta ganin tsiraicinsu. Mutum fitsari ya gagare shi kwana biyu, yana nishi kamar akuya mai naƙuda, amma yana da bakin zaɓen likita! Sai gogan naka mai tumbi ya kawo dabara. Allura ake yi a gadon baya, mutum na farke amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, sai a tare fuskarsa da koren ƙyalle. Shi zai leƙo ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka," ya koma gefe yana latsa waya. Ita ta shigo ta baya ta yi aikin, bakinta gum. Ko almakashi take so, da yatsa take nunawa.

Aikina shi ne in zauna wajen kan mara lafiya in cika shi da surutu, farashin shinkafa, hanyar Tsamiya, don kada ya ji motsin mace. Na iya kuwa, tir da ni.

Zabi da busasshen kifi na godiya duk motar gogan aka kai. Bai taɓa jin kunya ba, har yana taɓa zabin ya ji ko sun yi ƙiba.

A zuwansu na ƙarshe dattawa suka ce in rubuta takardar godiya zuwa ga hukumar asibitinsu. Ta same ni a baranda tana cire safar hannu.

"Malam, ana neman shugaban sashe, mu biyu muka nema," in ji ta. "Ka san wanda ya yi aikin nan. Ka rubuta abin da ka gani kawai."

Na ce, "To, Likita, in sha Allahu."

Da na gwada faɗa wa wani dattijo, ya zaro ido: "Mi kac ce? Mace?" Nan take na ce wasa nake yi. Na rubuta sunan gogan, har na ƙara masa da "mai hannun albarka". Shi aka ba kujerar. Ita ta tattara ta bar ƙasar, na ji an ce can ana layi a ƙofarta.

Bana nawa fitsarin ya tsaya. 'Ya'yana suka kai ni birni, aka shigar da ni ofishin shugaban sashe. Tumbin ya ƙaru. Ya gane ni, ya rungume ni, ya duba takarduna sama-sama.

"Haba, mutumina! Ba zan bar ka a hannun yara ba," ya ce. "Ni da kaina zan yi maka."