Ƙwallon Masaƙa

Ƙwas, ƙwas, ƙwas-ƙwas-ƙwas. A tsaya, a sake. Kusan kowace Lahadi da safe, ina tsaka da dama kunu a kicin ɗinmu na Hay el-Sabi', sai ƙarar ta gangaro ta taga. Da fari na zaci masu sayar da gas ne, don su ma haka suke buga tukunyarsu da ƙarfe a titi. Ɗana ne ya bi sawun ƙarar zuwa hawa na sama, ya dawo yana haki.

"Umma, Antin Japan ce! Murfin tukunya take bugawa da cokali, ita kaɗai, tana kallon ƙwallo!"

Maƙwabciyarmu ce, Larabci ta zo koyo. Tsakanina da ita gaisuwar matakala kawai. A shekarar an dakatar da gasar ƙwallo a Masar, yara ba su da abin kallo sai nasu wasan na fegin bayan gida. Ɗana kuwa, Allah ya shirya, ba ya ɗaukar kaye. Shi ke tsaron gida a wasan nasu, kuma duk ranar da aka ci shi sai an yi dambe. Mahaifinsa, wanda muke ce wa Malam, yana karatu a unguwar Darrasa, ya riga ya yi kashedi: faɗa ɗaya ya rage, ƙwallo khalas, ta ƙare.

Na soya ƙosai na hau na ba ta haƙurin kutsen yaro, sai na zauna. Da gurguwar Larabcinta da tawa muka fahimci juna. Wai can rana ta yi a garinsu lokacin da mu muke karyawa. A kwamfutarta na ga ɗan fili a gindin duwatsu, 'yan kallon ba su kai jama'ar ɗaurin aure ba, wani yana buga ganga. Gangar take taya wa da murfin tukunya.

Ta ce ma'aikatan wata masaƙa ne suka kafa ƙungiyar, suna bugawa bayan tashi daga aiki, mahaifinta ne mai tsaron gidansu na farko. Da masaƙar ta rufe, kowa ya ce ƙwallo ta mutu. Mutanen gari suka ƙi. Mai shagon kifi ya ɗauki 'yan wasa aiki, manoman shinkafa suka riƙa kai musu abinci, tsofaffin mata su fito da shebur su kwashe ƙanƙara daga fili kafin wasa. Daga gasar ƙauyuka suka hau ta lardi, daga ta lardi suka hau ta yanki, a hankali kamar mai hawan matakala da tulu a ka. Saura tsani ɗaya su shiga gasar ƙasa, amma duk shekara sai a kayar da su a wasan ƙarshe. Mahaifin nata ya tsufa, yanzu shi ke zana layin fili da farar ƙasa.

Ran nan ma an ci su. Na saci kallon ɗana, yana jiran a fara dambe. Sai 'yan wasan suka jeru gaban jama'a, suka sunkuya, suka daɗe a haka. Jama'a na tafi. Daga nan kowa ya zaro leda ya hau tsince shara.

"An ci su fa, Anti," in ji shi.

"An ci mu," ta ce. "Ma'alish, ba komai. Akwai Lahadi mai zuwa."

Tun daga nan ba ya fashin hawa sama, kuma dambe ya ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. Ina ta hamdala a zuci, har ranar da Malam ya sauko daga mota da la'asar ya tarar da ɗansa a bakin fegi, an zura masa ƙwallaye, ya haɗa ƙafa ya sunkuya wa bawwab, mai gadin gidanmu, da wasu tsofaffi biyu masu shan shisha.

Da ƙwallon a hammata Malam ya shigo.

"Kin ga abin da ɗanki ya koyo? Ruku'u! Ga mai shisha!"

"Malam, godiya yake yi musu, sun tsaya sun kalle shi."

"Ruku'u na Allah ne shi kaɗai."

"Haka ne. Amma kai ma da ka je gaida Baba kafin aurenmu, har ƙasa na hango ka."

Ya yi gyaran murya. "Wannan ma malamai sun yi magana a kai." Ya ɗora ƙwallon a saman kabad.

Gaskiyarsa ce, ban ja ba. Amma na ga yaron ya daina cin abinci sosai, in ƙarar murfi ta gangaro sai ya toshe kunne da matashi. Na bari sai da Malam ya ci tuwo ya sha shayi, sannan na ba shi labarin masaƙan tun daga farko. Na ce yaushe rabon da bawwab ya kawo mana ƙarar dambe? Abin da bulala ta kasa, tsofaffi masu shebur sun yi. A cire sunkuyon, a bar masa godiyar.

Ya ajiye kofin shayin. Can ya kira yaron, ya kama hannunsa na dama ya ɗora masa a ƙirji. "Haka za ka yi, kanka a miƙe. Ka ce shukran. Tsince shara kuwa sadaka ce, wannan sun riga mu aiki da ita." Ya sauko masa da ƙwallon daga saman kabad.

Da Anti ta ji abin da ya faru, kunya ta kama ta, ta zo ba Malam haƙuri, ta fara sunkuyawa, ta tuna, ta ƙame a rabi. Dariyar da Malam ya yi ranar ban taɓa jin irinta ba.

Sai da aka sake kayar da ƙungiyar su Anti a wata shekarar kafin su haye gasar ƙasa. Ranar hayewar a falonmu aka kalla, ni da murfi, ita da murfi, Malam yana leƙe ta saman littafi wai shi ba kallo yake ba. Da aka busa tashi, sai ga wani tsoho siriri, hannunsa fari fat da ƙasa, 'yan wasa sun ɗaga shi sama. Anti ta ga mahaifinta ne, ta rufe fuska tana kuka, na rungume ta. Allah ba ya tozarta haƙurin mai haƙuri, ko a ina yake.

Ranar Juma'a da yamma ɗana ya dawo daga fegi, gwiwa a ƙuje, leda cike da robobi a hannu. Na tambaye shi yaya aka tashi.

"An ci mu, Umma. Ma'alish. Ki ajiye min babbar leda, akwai Juma'a mai zuwa."